Amsa: Barin ƙungiya ta faɗi da gangan a lig ɗin fantasi na NFL mai ɗorewa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka bar ƙungiyarka ta faɗi bana don ka samu zaɓen farko na sabbin 'yan wasa. A irin wannan lig, kowa yana haɗa ƙungiyarsa daga ainihin 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, yana samun maki bisa ƙwazonsu, yana kuma riƙe su shekara bayan shekara; yawanci ƙungiyar da ta zo ƙarshe ce ke fara zaɓen sabbin 'yan wasa. Ya dace, amma ta hanyar ciniki. Masu gudu da ƙwallo da suka kai shekara 27, sayar wa masu neman kofi tun kafin a rufe kasuwa, ka karɓi zaɓen zagayen farko, domin darajar masu gudun saurin zubewa take yi. Matasan masu cafe ƙwallo kuwa, riƙe su.

Kada ka ajiye gwanayenka a benci don ka sha kashi da gangan. Lig da yawa a Sleeper, manhajar buga fantasi, suna jera zaɓe bisa iyakar makin da za ka iya samu, har da na benci, sai ka ɓata sunanka a banza. Duba dokar lig ɗinku tukuna.