Hukuncin Cin Bashi Domin Ƙasaitacciyar Walima

Tambaya: Malam, zan aurar da 'yata a nan Gwale cikin Kano, dangi kuma sun nace sai an kama ɗakin taro a Nasarawa an yi ƙasaitacciyar liyafa, suna cewa walima sunna ce. Ba ni da halin yin haka sai na ci bashi. Shin wajibi ne a kaina?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗan'uwa, wannan bai wajaba a kanka ba. Walima a wurin malaman fiƙihu ita ce abincin da ake yi saboda aure, kuma ango ake nema ya yi ta, ba uban amarya ba. A mazhabar Malikiyya mustahabbi ce, an kuma fi son a yi ta bayan tarewa. Abdurrahman bin Auf shi ne ango sa'ad da Annabi (SAW) ya ce masa ya yi walima ko da da tunkiya guda ce, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito.

Shari'a ba ta yanka mata adadi ba. A auren Nana Zainab bint Jahsh, Manzon Allah ya ƙosar da mutane da gurasa da nama, amma a auren Nana Safiyya, a hanyar dawowa daga Khaibar a shekara ta 7 bayan hijira, dabino da cuku da man shanu aka haɗa, kuma dukansu walima ce cikakkiya. Saboda haka mai wadata da ya yalwata wa baƙinsa daga halal ɗinsa bai yi laifi ba, muddin babu almubazzaranci, ko cakuɗuwar maza da mata, ko neman a ce.

Abin da ke damuna a bukukuwanmu na Kano shi ne a tsayar da masu gadi a ƙofa suna duba kati, a mayar da maƙwabci talaka, da dare kuma a kwashe shinkafa da kaji a zubar. Ya tabbata daga Abu Huraira cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta, aya ta 31 ta Suratul A'araf kuma ta hana ɓarna a ci da sha.

Bashi kuwa, Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi, don haka wanda bai ga hanyar biya ba kada ya ɗauke shi domin biki. Idan kana so, ka dafa abin da ya sawwaƙa a gida, ka kira dangi da maƙwabta, ka kuma yi wa 'yan'uwanka bayani cikin lalama. Allah ne Mafi sani.