Kafin kawunka ya biya kuɗin gidan nan, ga abin da za ka duba

Wa alaikumus salam yarona. Na ga saƙonka tun jiya da daddare, ka ce kawunka ya samu gida wajen Sabuwar Unguwa yana son saye, ya ce tunda kana bin magina ka zo ka duba mashi kafin ya bada kafin alƙalami, kana tambaya mi ake dubawa, kuma mi za ka ce mashi in ka gama. To na ji daɗi da ka tambaya ba ka tafi kai tsaye ba, don aikin nan amana ce babba, bawan Allah zai kwashe abin da ya tara shekara da shekaru ya zuba a kan maganar bakinka.

Da farko dai kar ka yarda dillali ya ja ka cikin falo. Haka ake yi, da an buɗe get sai a nufi inda aka shimfiɗa tayil aka yi silin mai fitilu, ido ya cika, shikenan an gama da mutum. Kai ka tsaya a bakin layi tukuna ka kalli gidan da hanya, wanne ya fi tudu? In daɓen tsakar gida ya yi ƙasa da layi to duk ruwan da aka yi baƙonku ne. Ruwa shi ne babban abokin gabar gini a garin nan, ko na sama ko na ƙasa, duk wata ɓarna da na taɓa gyarawa in ka bi diddigi a wajen ruwa za ka ƙare. Ka san unguwanni da yawa a Katsina akwai wuraren da da can kududdufi ne, ramukan da aka haƙi ƙasar gini, daga baya aka cike da shara da ɓaraguzai aka yanka fulotai, to gidan da ya hau kan irin wannan ciko sai ya zauna, ko ba bana ba ko baɗi. Takarda ba za ta faɗa maka wannan ba, sai maƙwabta. Ka sami mai shagon layin ko wani dattijo a ƙofar masallaci, ku gaisa sosai, sannan ka ce Baba dan Allah in an yi ruwan Agusta ina yake bi a nan, kuma mi ke wurin nan kafin a yi gini? Za ka ji abin da dillali ba zai taɓa faɗi ba. Duk wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta 2018 ba ya wasa da maganar hanyar ruwa. Da so samu ne ma da damina ake duba gida, amma tunda yanzu rani ne sai ka nemi shaidar da ruwa ya bari, wani layi da yake zanawa a jikin katanga daidai inda ya tsaya.

Daga nan sai ka durƙusa, ina nufin durƙusawa ta gaske gwiwa a ƙasa, ka bi gindin bango. Wajen ƙafa biyu zuwa ukku daga ƙasa nan ne gida ke faɗin gaskiya. In ba a yi difisi mai kyau ba, wato shimfiɗar da ake yi kan fandisho don tare danshi, danshi yana hawowa ta cikin bulo, ya ɗauko gishirin ƙasa, sai ka ga fenti na kumbura filasta na zuba. Akwai wani gida da aka kira ni dubawa shekarun baya wajen Ƙofar Marusa, fenti sabo fil har ƙamshi yake, amma na lura kalar ƙasan bangon ta ɗan fi ta sama duhu. Na ɗora tafin hannu na ji sanyi alhali ana tsakiyar zafi, na ciro ƙusa inci huɗu daga aljihu na ɗan danna, wallahi ba da ƙarfi ba, filastar ta zubo kamar garin tuwo, bayanta fari fat da gishiri. Mai sayen yana tsaye bai ce komai ba, sai salati. Saboda haka in ka ga an yi sabon fenti ko an manna tayil a gindin bango kaɗai, ka tambayi dalili, kuma ka ja kujera ko durowa ka leƙa bayansu, ka shaƙi iskar ɗakin ko tana warin rima.

Maganar tsagewa kuma kar ka tsorata kawunka a banza, ba kowace tsaga ce matsala ba. Siririyar nan kamar gashi da ke yawo a fuskar filasta yawanci rashin ban ruwa ne lokacin aiki, gyaranta ba wuya. Wadda ake jin tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo kamar matakala, sama ta fi ƙasa buɗewa. Ka gwada cusa tsinken ashana, in ya shige to ka zagaya bayan bangon, in ka same ta a daidai wurin ta ratsa kenan, fandisho ne ke motsi. Sannan ka buɗe kowace ƙofa ka rufe, wadda ke cijewa ko aka fere ƙasanta tana ba ka labari ɗaya da tsagar. Ka duba saman tagogi ko akwai linta, kankaren da ke ɗauke da nauyin bulon sama, don akwai masu ɗora bulo kan firam kawai su rufe da filasta.

Bulon kanshi ka neme shi inda ba a yi filasta ba, bayan katanga ko cikin sito, ka karce da ƙusar nan. Ka dai ga yadda muke yi in mu za mu buga namu, buhun siminti ɗaya mai kilo 50 ba na yarda ya wuce bulo talatin na inci 9, to mai ginin sayarwa wani sai ya matsa buhu ya fitar da fiye da haka nesa ba kusa ba, irin shi ne za ka murza da yatsa yashi na zuba. Tayil kuma ka bi shi da ƙotar guduma kana ƙwanƙwasawa a hankali, inda ka ji ƙarar ta canza kamar ganga to ƙasanshi rami ne. A banɗaki ka kwara ruwa bokiti guda ka tsaya ka ga ina ya nufa, rariya ko ƙofar ɗaki.

Rufi sai ka hau, babu dabara. Ka nemi tsani ka shiga cikin silin da tocila da rana tsaka, in ka shiga ka kashe tocilar ka ɗan jira idonka ya saba, duk inda haske ya tsiyayo ta kwano nan ruwa ke bi. Ka kunna ka duba katako, an shafa baƙin mai ko ba a shafa ba, akwai hanyar gara ko babu, ka soka ƙusa a rafta biyu ukku ka ji ko cikinsu ya zama hoto. Abin da mutane ba su kula da shi kuma shi ne ɗaurin rufi, ka ga ko an ɗaure katakon da jikin gini da rodi ko langalanga, don iskar farkon damina a nan ka san halinta, kwano da katako take ɗagawa gaba ɗaya ta aje a layin baya. In gidan ƙasa ne ko akwai tsohon soro a ciki to azara za ka duba da bakin indararo, da ko ana yaɓe duk shekara. In kuma bene ne mai dakin, wato rufin kankare, ka ga rodi ya leƙo yana tsatsa ko dakin ya yi ciki, to nan ba hurumina ba ne balle kai, a kira injiniya a biya shi.

Wuta ka tafi da mai wayarin in da hali, shi zai buɗe soket ya ga ko waya mai kauri 2.5 aka ja ko siririya 1.5 ta fitila aka lallaɓa, irin wannan ke kawo gobara in an jona hita. A tambayi bil ɗin KEDCO na ƙarshe a gani da ido, kar kawu ya gaji bashin wani. Ruwa kuma a ji na famfo ne ko bohol ko sai 'yan garuwa, kuma ka auna tsakanin sokawe da rijiya, ma'aikatan lafiya suna son a samu kamar mita 30, a fulotin ƙafa 50 da 100 da wuya a samu hakan, amma in ka ga suna maƙale da juna ka faɗa mashi ruwan ba na sha ba ne.

Takardu ba aikin magini ba ne amma kar ka yi shiru. Kawu ya ɗauki takardar gidan ya kai ma'aikatar filaye a bincika mashi sunan wa ke kai, ko an jinginar da ita a banki, don tun dokar filaye ta 1978 fili a birni yana hannun gwamna ne, canjin suna sai da amincewar hukuma. In gidan gado ne a tabbatar an raba kuma duk magada sun yarda, a je wajen mai unguwa. Kai naka shi ne ka ja tef ka ga ko abin da ke ƙasa ya yi daidai da na takarda, ko katanga ta ci hanya, ko babbar wayar wuta ta ratsa ta sama.

To in ka gama kar ka ce ma kawu gida lafiya lau, ni kaina ban taɓa faɗin haka ba, don fandisho na cikin ƙasa, rodi na cikin kankare, ido bai kai can. A Amurka masu wannan aikin sana'arsu ce guda, rahoto suke rubutawa da hotuna, mu ma ba abin da zai hana. Ka ɗauki hoto da wayarka, ka rubuta mashi a takarda, wannan gyaran fenti ne, wannan zai ci buhu kaza da kwano kaza, wannan kuma ko an gyara zai dawo. Da ita zai zauna a yi ciniki a rage mashi, ko ya haƙura ya nemi wani. Kuma dan Allah yarona, in dillali ko mai gidan ya ja ka gefe ya ce ga na goro, kar ka miƙa hannu, kawunka ne ya kira ka, shi kake yi ma aiki.

Ka ce mashi ya dakata da biyan komai zuwa Asabar, in Allah Ya kai mu zan biyo bayan azahar mu shiga tare, kai za ka riƙa dubawa ina bayanka. Ka ɗauko tsanin nan na sito da tef da tocila, bokiti ma samu a maƙwabta.