Na ce na yafe masa, amma zuciyata na tafasa in na gan shi

Tambaya: Fasto, ni gwauruwa ce a ƙasar Zuru. Bayan rasuwar maigidana, ƙaninsa ya ƙwace gonar da nake ciyar da yara da ita. Ikkilisiyarmu ɗaya. Na ce na yafe masa, amma duk Lahadin da na gan shi sai zuciyata ta tafasa. Munafunci nake yi? Kuma yafewa tana nufin in bar masa gonar?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Ba munafunci kike yi ba, kuma babu inda aka ce ki bar gonar.

Buɗe Matiyu 18, daga aya 21. A misalin da Yesu ya bayar a can, sarki ya yafe wa bawansa bashin talanti 10,000, bawan ya fita ya shaƙe wuyan abokin aikinsa a kan dinari 100. Dinari guda ladan aikin yini ne, saboda haka dinari 100 gumin fiye da wata uku ne. Yesu bai ce bashin banza ba ne, kuma ni ma ba zan ce miki gonar marayu ƙaramin abu ce ba. An cuce ki. Sai dai talanti guda ya kai dinari 6,000, wato abin da aka yafe wa bawan ya kai dinari miliyan 60, bashin da ba ya biyuwa har abada. Wannan shi ne namu a gaban Allah, daga nan kuma ake samo ƙarfin yafewa, ba daga kirkin wanda ya yi laifin ba.

Abin da ake saki in an yafe shi ne ramuwa: fatan a ce damina ta ƙi shi, baƙar magana a kansa a taron Zumuntar Mata, cusa wa yara ƙiyayyar baffansu. Romawa 12:19 ta ce ramuwa ta Allah ce. Haƙƙi kuwa daban yake. A Luka 18 Yesu ya kafa misali da gwauruwar da ta yi ta zarya wurin alƙali har ya bi mata haƙƙinta. Ki bi matakan Matiyu 18:15-17: ki same shi ku biyu, in ya ƙi ki koma da mutum ɗaya ko biyu, sannan ki kai gaban dattawan ikkilisiya. In abin ya gagara, ga hakimi, ga kotu. Yana min ciwo yadda wasu dattawa kan ce wa gwauruwa "ki yi haƙuri" alhali ba su ce wa mai ƙwacen uffan ba.

Amincewa ma ba a dawo da ita rana ɗaya. Yusufu ya gwada 'yan'uwansa da suka sayar da shi, har da sa ƙoƙon azurfa a buhun ƙaninsa Biliyaminu, kafin ya bayyana musu kansa.

Tafasar zuciya kuwa za ta riƙa dawowa. Bitrus ya tambayi Yesu ko yafewa sau bakwai ta isa, Yesu ya ce masa bakwai har sau saba'in, kuma a ganina laifi guda ma yakan buƙaci haka. Ibraniyawa 12:15 ta yi kashedi kan tushen ɗaci. Kin san wuta-wuta a gonar dawa: tana tsotsar saiwa a ƙarƙashin ƙasa tun kafin furenta ya fito, kuma tugewa ɗaya ba ta kashe ta. Duk Lahadin da abin ya taso, ki gaya wa Allah gaskiya kamar yadda masu Zabura suka yi, ki ambaci sunan mutumin, ki roƙa masa tuba da albarka, ko da bakinki na nauyi. Kada ki ƙaurace wa Jibin Ubangiji saboda shi. A makon nan ki nemi wata uwa mai riƙon amana a Zumunta ku riƙa addu'a tare, ita ce kuma za ta raka ki wurin dattawa.