Ƙaura saboda yaro mai baiwa: amsoshin wasiƙunku

Wata uwa ta rubuto cewa 'yarta mai shekara 6 tana karanta littattafan 'yan aji biyar, tana dawowa daga makaranta da kuka saboda an hana ta ɗaga hannu, kuma maigidanta yana son su sayar da gidansu su koma babban birni. Ta ce barci ya ƙaurace mata.

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, domin damuwarki tana kan hanya, amma kada a taɓa gidan nan tukuna. Ki fara zuwa wajen shugaban makarantar ki tambaye shi ko zai yarda yarinyar ta riƙa shiga aji na gaba a darasin da ta yi wa tsaranta nisa, ta kuma zauna da su a sauran. Haka iyayen Terence Tao, shahararren masanin lissafi, suka yi a Adelaide ta Ostireliya: yana ɗaukar lissafi a manyan azuzuwa tun yana ƙarami, ya ci lambar zinare a gasar lissafi ta duniya a 1988 yana ɗan shekara 13, bai tafi Jami'ar Princeton a Amurka ba sai 1992. Idan makarantar ta ƙi, kuma babu wata kusa da za ta yarda, to a nan ne maganar tashi take da tushe, kuma ko a nan ina ba ku shawarar ku kama haya na shekara guda ku gani. Ki lissafa da doguwar tafiyar safe da yamma, da rabuwa da ƙawayenta, da sauran 'ya'yanki waɗanda su ma suna da haƙƙi.

Wani magidanci kuma ya ce ya biya kuɗi a intanet an yi wa ɗansa gwajin basira (IQ), sakamako ya nuna maki 160, yanzu wata makaranta mai kiran kanta ta haziƙai tana neman kuɗin ajiye gurbi kafin su taso.

Malam, a nan ne raina yake ɓaci. Gwajin da ake yi da waya cikin minti goma ba gwaji ba ne, ciniki ne, kuma wanda ya sayar maka da lambar ya san cewa uba ba ya jayayya da yabon ɗansa. Gwaji na gaskiya ƙwararre ne yake zama da yaro ido da ido, kuma yara kimanin 2 cikin 100 ne kawai suke kai 130. Shi kansa gwajin ƙwararru yana kuskure: Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya fara tara haziƙan yara kusan 1,500 a 1921, gwajinsa ya tsallake William Shockley da Luis Alvarez, waɗanda daga baya suka ci kyautar Nobel. Allon bakin ƙofar makarantar kuwa fenti ne kawai. Ka shiga ajin da ƙafarka ba tare da sanarwa ba, ka buɗe littattafan ɗalibai ka ga ko ana duba aikinsu, ka tambayi shekara nawa malamin lissafi ya yi a wurin, ka kuma nemi a nuna maka yaron da aka taɓa ɗaga wa aji. Idan aka fara yi maka kwana-kwana, ka riƙe kuɗinka.

Shi kuwa wanda ya tambaya ko zama kusa da jami'a zai ƙara wa jaririnsa basira, amsa ita ce a'a. Ka bari ya fara magana tukuna.