Minjirya ce ko ɗaurewar jijiya? Amsoshin tambayoyinku kan kalmomin ciwo

Tambayar farko ta wannan makon daga wani magini take, mazaunin Ƙofar Marusa a Katsina. Ya ce: "Malam, ranar nan cikin dare sharaɓata ta ɗaure har na yi ihu. Da safe na ce wa abokin aikina minjirya ce ta kama ni, ya ce ba haka ake faɗa ba. Wa ya fi gaskiya?"

Malam magini, abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, ko da yake akwai masu haɗa su biyun a magana.

Minjirya asalinta sunan kifi ne, wanda masunta suka sani da cewa in ka taɓa shi sai hannunka ya sage. Lantarki ne a jikinsa, kuma babbansa kan fitar da kusan bolt 350, alhali wutar da ake kawowa gidajenmu bolt 230 ce. Kakanninmu ba su san lantarki ba, amma sun san abin da kifin nan yake yi wa hannu. Da suka ji irinsa a ƙafar wanda ya daɗe a tanƙwashe kan tabarma, sai suka ara masa sunan. To minjirya ita ce ƙafa ta yi nauyi kamar ba taka ba, in ka miƙe ka ji yar-yar kamar ana tsira maka ƙananan allurai. Danne jijiya ke kawo ta, kuma in ka ɗan taka sai ta sake ka.

Abin da ya tashe ka daga barci daban ne. Tsokar ce da kanta ta cure wuri guda ba da izininka ba, ta ƙi saki. In ka shafa wurin za ka ji ta dunƙule kamar curin fura, ta yi tauri tamau, yatsun ƙafa sun lanƙwashe ƙasa. Wani daƙiƙu kaɗan take yi masa, wani ta kai minti goma, kuma bayan ta saki wurin kan wuni yana tsami. A nan Bahaushe kan ce jijiya ta ɗaure, ko ta ƙulle, ko ta hau. Dattijon Katsina zai ce maka "ƙahwata ta riƙe".

Lura da kalmomin nan: ɗaure, ƙulle, riƙe, cure, ƙage, sandare, sanƙare. Duk da wasalin e suka ƙare, kuma wannan siga ta aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, sau da yawa tana nuna abu ya kama gaba ɗaya, bai bar saura ba. Ɗaura kaya daban, ɗaure kaya daban. Kuma da yawansu daga aikin hannu aka ɗauko su: igiya ake ɗaurewa, ƙofa ake ƙullewa, fura ake curawa, sanda ce ba ta lanƙwasuwa. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni a yadda Hausa take maganar ciwo. Bahaushe bai cika tsayawa ga cewa ciwo babba ne ko ƙarami ba, gaya maka yake yi abin da ciwon yake aikatawa a jikinsa. Kai sara yake yi, kamar gatari. Ciki murɗawa yake yi, kamar ana matse wanki. Haƙarƙari suka, maruru zogi yana zut-zut, ƙuna da harbin kunama raɗaɗi. Wanda ya ce ɗaurarriyar sharaɓa tana masa raɗaɗi ya kauce, domin raɗaɗi ɗan'uwan wuta ne da barkono.

Tunda aikinka na rana ne da gumi, ka sani gajiyar tsoka da yawan zufa ba tare da isasshen ruwa ba suna cikin abubuwan da ake dangantawa da wannan ɗaurewa. Ta fi addabar tsofaffi da mata masu tsohon ciki. In ta kama ka, miƙe ƙafar, ka jawo yatsun zuwa wajen ƙwauri, ko ka tashi ka taka da dunduniya, sannan a mulmula wurin a hankali.

Wata malamar asibiti daga Daura kuma ƙorafi ta kawo. Ta ce kowa ya zo sai ya ce "jijiya", alhali tsoka ce ke ɗaurewa. Shin Hausa ce ta yi kuskure?

Malama, ta fuskar aikinku kina da gaskiya, tsoka ce ke tsukewa. Amma jijiya a Hausa kalma ce mai faɗi. Hanyar jini jijiya ce. Zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi jijiya ne. Igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi, irin agara a bayan dunduniya, ita ma jijiya ce, kuma ita mahauci yake nufi in ya ce nama ya cika jijiya. Duk abin da ya miƙe cikin jiki kamar igiya, sunansa ke nan. Mai ciwo ya ji wani abu ya ja ya tsaya kamar igiyar guga, to me zai kira shi? Tsoka kuwa a kunnen yawancinmu nama ce mai laushi, ta cikin miya.

Shawarata, kada ki tsaya gyara masa sunan. Aikatau ɗin za ki bi. Tambaye shi: "Baba, ɗaurewa take yi, ko sagewa, ko fizga?" In ya ce tafin ƙafarsa kullum a sage yake, ko yana jin kamar kiyashi na bin sa, kin san za ki duba ciwon suga. In ya ce sharaɓa na riƙewa in ya yi tafiya, ta saki in ya huta, sai ki tuna da hanyoyin jini. In ƙafa ɗaya ce ta kumbura ta yi zafi, wannan ya wuce a mulmula da man zafi, domin gudan jini kan yi haka. Ina jin takaici in na ga ana taƙaita bayanin dattijo zuwa "ciwon jiki" a takarda, bayan ya zo da kalmar da ta nuna hanya.

Kalma guda a cikin kalmomin nan ba a wasa da ita, wato sanƙare. Wuya ya ƙage, wannan kwanciya ce ba daidai ba, kwana biyu ya wuce. Wuya ya sanƙare, ga zazzaɓi ga ciwon kai, musamman lokacin bazara, wannan asibiti ne nan take. Daga sanƙare aka samo sunan sanƙarau, kuma mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato ba su manta da annobar 2017 ba.

Tambayar ƙarshe gajera ce. Wata ɗaliba ta tambayi ma'anar "jiki ya fi kunne ji".

'Yata, gishirin karin maganar yana cikin kalmar ji. Da ita muke jin magana, da ita muke jin zafi, da ita muke jin ƙamshi da ɗanɗano, har Hausar ma jin ta ake yi. Iyaye kan faɗe ta ga yaro mai kunnen ƙashi, ma'ana in faɗa bai shiga ba, wuya za ta shigar. 'Yar'uwarta ita ce "jiki magayi", wato jiki ne zai gaya maka. Amma ana faɗin "jiki ya fi kunne ji" ba da gargaɗi ba ma. Matar da ta yi goyon ciki, ta san yadda sharaɓa ke ɗaurewa da asuba a watanni na ƙarshe, in ƙanwarta mai cikin fari ta fara kwatanta mata, takan tare ta da ita tun ba ta ƙarasa ba, sannan ta kama ƙafar ta miƙar mata.