Tambaya da Amsa: Itacen Oga Mai Fitar da Farin Nono

TAMBAYA: Salam Malam, ni mai kula da furanni ne a wani gida a Ikoyi, oga ya dawo daga Italiya da wani ɗan itace a tukunya, ganyensa sirara kore mai ɗan shuɗi-shuɗi. Shekaranjiya na yanke reshe ɗaya sai farin ruwa kamar nono ya zubo min a hannu, wallahi har dare wurin na zafi ya yi ja. Wani abokina a Agege ya ce ai irin tinya ce, wai tana cire tusar jaki, in shafa wa yarona. Dan Allah haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da hannu. Yadda ka siffanta shi ya yi kama da wanda masana ke kira Euphorbia characias, kuma abokinka ya canka ta gefe ɗaya, dangin tinya ne da aguwar da muke shinge da ita a gonakin arewa. Asalinsa gaɓar tekun Bahar Rum ne, tun daga Fotugal da Maroko har Girka da Turkiyya, da kansa yake fitowa a daji kan tsaunuka da busassun wurare masu duwatsu, tsayinsa kamar mita 1, fari ba ya damunsa. Sunan dangin ma daga Euphorbus aka samo shi, likitan Sarki Juba na biyu a Arewacin Afirka.

Eh, mutanen can tun zamanin da suna ɗiga nonon a kan tusar jaki, har masunta sukan daka itacen su zuba a ruwa kifi ya bugu ya taso sama su kwashe, to ka duba abin da ke bugar da kifi, shi za ka sa wa fatar ƙaramin yaro? Don girman Allah kar ka yi, yaro zai taɓa wurin ya murza ido, kuma nonon nan in ya shiga ido yana ƙona shi sosai, har gani yakan ɗauke na wasu kwanaki. Ka kai yaron asibiti su duba tusar jakin.

Kai kuma ka riƙa sa safar hannu in za ka yanke shi, in ya taɓa ka wanke da sabulu nan take, in ido ne a yi ta zuba ruwa mai tsabta a garzaya asibiti. Sannan ka faɗa wa oga ruwan saman Legas ya fi ƙarfinsa, a haɗa ƙasar tukunyar da yashi da tsakuwa, a ajiye shi inda rana ke samu amma ruwa ba ya kwanciya, in ba haka ba saiwar ruɓewa za ta yi tun a watan Yuni.