Wai da gaske karan dawa zai iya zama man mota?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ji ana cewa masu bincike a jami'o'i suna mayar da karan hatsi man mota, to mu da kara ya cika mana gonaki bayan girbi me ya hana a yi a nan?

Amsa: Gaskiya ne ɗan'uwa, ana yi, sai dai ba kamar yadda ake zuzuta shi ba. Kara da totuwar masara da buntun shinkafa duk suna ɗauke da sukari, amma a ɗaure yake cikin zaren da ake kira selulos, sannan ga wani abu mai tauri, lignin, ya lulluɓe shi kamar siminti a jikin rodi. Kafin yis ya samu abin da zai mayar itanol, wato barasar da ake amfani da ita a matsayin man mota, sai an farfasa karan da tururi mai zafi ko asid, a zuba sinadaran inzayim su sako sukarin. Inzayim ɗin ma yawanci daga wata funfuna ake samo su, Trichoderma reesei, wadda aka gano tana cinye tantunan sojojin Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu. Kuma wani kason sukarin, zailos, yis na gama-gari ba ya iya cinsa sai an gyara masa ƙwayar halitta.

A lab abin yana tafiya lafiya lau, a masana'anta ne ake kuka. Kamfanin DuPont ya buɗe katafariyar masana'anta a jihar Iowa ta Amurka a 2015 don sarrafa karan masara, 2017 ta rufe, lissafi ya ƙi fita. Brazil kuwa tun 1975 suke da shirin itanol na rake, shi ya sa kamfanin Raízen na can, mai yin itanol daga tukar rake, ya fi samun sauƙi, tukar raken tana nan jibge a masana'antar sukari, ba sai an bi gona-gona da mota ana tarawa ba.

Ni a ganina ɓangaren sinadarai ya fi man mota alamar riba. A China da totuwar masara suke yin furfural, wani sinadari da masana'antu ke amfani da shi, a Norway kamfanin Borregaard na fitar da ƙamshin vanilla daga lignin.

Sannan fa karanmu ba shara ba ne, dabbobi na ci da rani, ana danni da shi, mata na girki da shi, ka ga duk mai son buɗe masana'anta sai ya saye shi da kuɗi daga hannun waɗannan.